Matan da ke Cikin Faifan Baba

Withington, kafin gari ya waye

Na kulle ƙofar flat ɗina a nan Manchester da asubahin Asabar, ƙarfe biyar ta ɗan gota, ana yayyafi, ko ruwan shayi ban sha ba don haushi ya riga ya cika min ciki. 'Yan uwa na Kafanchan da kuka dame ni da tambayar abin da ya kai ni Birmingham a gigice, ku gyara zama, daga tushe zan ɗauko muku.

Tsofaffinku sun san Baba shi ne mai yaga tikiti a ƙofar silimar garinmu tun yana saurayi. Kullum da yamma, kafin a buɗe ƙofa, mai majigi yakan ɗora wani faifai na kiɗan fim ɗin kaboyi a lasifika, gari duka ya ji ya san lokaci ya yi. Ba mai kiran fim ɗin da sunansa na Turanci, Mai Jar Hula ake ce masa, saboda hoton da ke jikin kwalin. Fim ɗin kansa 'yan kwanaki ya yi ya wuce Jos, Baba ko gani bai yi ba don yana waje yana fama da masu haura katanga. Faifan ne ya zauna shekara da shekaru. Da aka rufe silimar aka mai da ita sito, Baba ya ɗauko shi ya sa a ƙasan akwati. Ba mu taɓa mallakar garmaho ba, saboda haka ba a taɓa kunna shi a gidanmu ba. Da fito muka san kiɗan: Baba yana aski yana yinsa, yana goge takalmin zuwa coci yana yinsa. Bayan rasuwar Mama, yayana Yakubu ya kawo shi Ingila, faifan ya biyo shi har Erdington, wata unguwa a Birmingham.

Bara ma'aikatan council, hukumar gari, suka zo gyaran bangon flat ɗin Baba. Yaya ya tashi kwashe tarkace, ya haɗa da faifan ya kai shagon kayan sadaka, bai tambayi kowa ba. Da Baba ya tayar da hankali, sai Yaya ya nemo kiɗan a waya ya kunna masa. Baba ya saurara ya ce ba shi ba ne. Yaya ya sayo sabon bugu da aka fitar kwanan baya, wanda aka tace aka goge, har da ɗan littafinsa, ya kunna. Baba ya ce, "Nawa yana da zafi, kuma mata ne ke amshi a ciki. Waɗannan ƙattin maza ne suke jan murya kamar masu rakiyar gawa." Littafin kuwa ya ce ƙungiyar maza ce ta yi waƙar. Daga nan Yaya ya yanke hukunci wai kan Baba ya fara juyawa, tunda kiɗan da ya yi shekaru yana ji ma bai gane shi ba. Ya gaya wa GP, wato likitan Baba, ya gaya wa fasto, ya je ya samo ɗaki a wani care home, gidan kula da tsofaffi. Ranar Litinin za a sa hannu.

Ni a care home nake aiki, na san cikinsa da bayansa. Muna iya ƙoƙarinmu, amma mutumin da ke tuƙa tuwonsa da kansa ba shi da abin yi a can. Duk da haka ba wannan ya fi ƙona min rai ba. Ranar Alhamis Baba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, Hanatu, shi ya sa yake ce min Uwata.

"Uwata, na yarda zan sa hannu," in ji shi. "Wataƙila Yakubu ne da gaskiya. In matan nan ba su taɓa kasancewa ba, to ban san me kuma na ƙirƙira ba. Jiya har sai da na tsaya ina tambayar kaina ko uwarku ma haka fuskarta take."

Na ce kada ya taɓa biro sai na zo. Na bincika na ji akwai kasuwar tsofaffin faya-fayai da ke ci a Birmingham ranar Asabar. Dabarata ita ce in samo tsohon bugu irin nasa sak, in ari garmaho, in kunna a gaban Yaya, kowa ya ji matan da kunnensa.

Bas ɗin da na shiga cike yake da 'yan jami'a masu dawowa daga shagali, wata ta rungume takalmanta tana barci. Na zauna a gaba ina ta shirya maganganun da zan gasa wa Yaya, har na kusa wuce inda zan sauka.

Hulme

Mama Talatu ce kaɗai na sani mai garmaho a Manchester. 'Yar Zonkwa ce, tsohuwar shugabar zumuntar matan cocinmu, mijinta ya rasu ya bar mata injin. Na same ta ta riga ta tashi, ta ɗaure shi da tsohon zani kamar za a kai jariri asibiti. Irin mai kama da ƙaramin akwati ne, lasifikarsa a jiki.

"Ki sha kunu tukuna, fuskarki kamar wadda za ta je dambe," ta ce.

"Dambe zan je, Mama."

"Yayanki ne dai, 'yata. Ki sassauta." Ta tura min kofin kunun gyaɗa, ta ci gaba. "Wannan inji, ƙananan faya-fayan waƙoƙin coci na marigayi kawai nake ji da shi, duk Lahadi da yamma. Ki sa plug, ki ɗora allura, shi ke nan. Kada ki murɗa komai, kada ki danna komai. Yadda ya bar shi haka yake, ko ni ban taɓa taɓawa ba."

Na yi mata alkawari. Ta yi min addu'a a bakin ƙofa, doguwa, ta roƙi Ubangiji ya riƙe min harshe. Na ce amin don ladabi, amma a zuciyata ban so a amsa wannan ɓangaren ba.

Kan hanya

Jirgin ƙasa na yi niyyar shiga. Na isa Piccadilly da kaya niƙi-niƙi, sai allo ya nuna ana gyaran layi, sai dai a canza jirgi sau biyu a kuma haɗa da bas. A ƙasar da aka ce komai a tsare yake! Na juya na taka zuwa tashar manyan motoci, garmaho na sara min kafaɗa, na samu kujera a motar ƙarfe bakwai da rabi.

A bakin mota muka fara da direba. Ya ce abin ya yi girma, sai dai ya shiga ƙasa wurin akwatuna. Na ce inji ne tsoho, na aro ne, a cinyata zan riƙe. Ya ce, "Rules are rules, love." Wannan "love" ɗin nasu da suke liƙa wa mutum alhali suna cusa masa baƙin ciki, har yau ban saba da shi ba. Ina kallo ya tura shi ciki, wani ya zo ya jibga jakar da ta kai buhun masara a gefensa. Duk ramin da muka faɗa daga Manchester har Birmingham, a ƙirjina na ji shi.

Tafiyar bai kamata ta wuce awa biyu da rabi ba, amma bayan Stoke muka tarar da cunkoso a babbar hanyar M6, an toshe layi biyu da jajayen robobi, ma'aikaci ko ɗaya babu. Muna nan tsaye wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

"Hanatu, Baba ya ce kina hanya. What exactly are you trying to do?"

"Ina kwana, Yaya. Zuwa zan yi in gyara ɓarnar da ka yi."

"Be realistic mana. Na kunna masa har sau nawa. Original soundtrack ne, remastered, babu wata mace a ciki. Kin san wahalar da na sha kafin in samu ɗakin nan? Akwai waiting list."

"Wa ya aike ka? Ka jefar masa da kayansa, ya yi kuka, sai kukan ya zama ciwon hauka?"

"Ban ce hauka ba. Na ce confusion."

"Da Turanci ne ya fi daɗin ji ko?"

Ya kashe wayar. Baturiyar da ke kusa da ni ta matsa jikin taga ta ƙura wa gonaki ido, kamar ba ta taɓa ganin tumaki ba. Na buɗe jaka na ciro ƙosan da Mama Talatu ta ƙulla min, na ci shi da sanyinsa, ban yi mata tayi ba.

Digbeth

Sai wajen sha ɗaya muka shiga Birmingham. Na ciro garmaho na girgiza shi a hankali, na ji wani abu na ƙwal-ƙwal a ciki. Ba wurin gwadawa, haka na saɓa shi na nufi kasuwar.

A wani tsohon ɗakin taro take ci, tebura jere, kwalaye cike da faya-fayai, wurin na warin tsohuwar takarda. Kusan duk tsofaffin Turawa ne maza, kowa ya sunkuya yana bincike da yatsu kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Mace baƙa da ɗankwali da akwati a naɗe cikin zani, ni kaɗai ce, kuma sun tabbatar na san haka. Na farko da na tambaya ya nuna min kwalin waƙoƙin coci tun ban rufe baki ba. Na biyu ya ce in gwada can ƙurya, wurin mai kiɗan kaboyi.

Mutumin dogo ne, furfurarsa a ɗaure ta baya, kuma gaskiya ya san sana'arsa. Ina kwatanta masa kwalin, mahayi da jar hula da rana na faɗuwa a bayansa, ya miƙa hannu bai ko duba ba ya zaro shi. Shi ne, hoton da nake leƙawa a ƙasan akwatin Baba tun ina yarinya.

Ya shiga yi min karatu. Ya ce kiɗan irin waɗannan finafinai kashi-kashi ne. Akwai wanda aka naɗa don fim ɗin kansa, wanda galibi kamfani ke ɓoyewa a ɗakin ajiya. Akwai wanda ake sake tara makaɗa su buga don a sayar a faifai, shi ne wannan da ke hannuna, kuma sau da yawa yakan bambanta da na cikin fim. Sannan akwai na zamanin nan, da ake tono tsohon zare a tace shi a fitar da 'yan kwafi kaɗan don masu tarawa. Zuciyata ta yi fari, na ce to shi ke nan, a wannan tsohon ne matan suke.

"Mata?" Ya ɗaga gira. "Babu mata. Duka ukun ina da su, maza ne."

Na ce ya sake tunani. Ya ce shekara talatin yana wannan harka. Ya ɗora faifan a injinsa, ya miƙo min abin sa wa a kunne. Ga jita, ga fito, ga ganga a hankali kamar doki na takawa, sai muryoyi suka shigo. Maza ne, 'yan uwa. Ƙatti, masu kauri, daidai da abin da Yaya ya kunna. Na saurara har ƙarshe ko wata za ta leƙo, ba ta leƙo ba.

Wani mai saye da ke gefe, wanda ba da shi ake ba, ya ji labarin ya dafa min hannu. Ya ce mahaifinsa ma haka ya fara, yana jin abubuwan da babu, gara in shirya zuciyata. Na janye hannuna na ce masa mahaifina ba mahaifinsa ba ne. Na faɗa da ƙarfi har aka waiwayo. Amma da na fito waje sai na tsaya ƙarƙashin gadar jirgi. A karo na farko na tambayi kaina, in Yaya ne da gaskiya fa?

Faifan dai na saya, fam talatin, ban ma yi ciniki ba. Na ce ko ba komai Baba ya riƙe kwalin a hannunsa, ya tafi da shi duk inda za su kai shi.

Erdington

Daga tsakiyar gari na shiga bas zuwa Erdington. High Street cike take da masu cefanen Asabar, masu kayan lambu na ta ƙwala kira, na ratsa su ban ga kowa ba. Na hau bene na ƙwanƙwasa.

Baba ya buɗe, ya yi aski tsaf, ya sa rigar sanyinsa mai ruwan toka. Abin da na fara gani a bayansa kwalaye ne jere a bango, an rubuta musu suna da hannun Yaya. An sauke hoton Mama. Agogon bango ma an cire, sai ƙusa.

"Uwata, kin sha hanya. Zo ki ci abinci, na yi gwate."

Gwaten kuwa ba abin da ya rasa, ga yakuwa, ga gauta, gishiri daidai. Ya tambaye ni jikokinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya tuna min cewa MOT, gwajin shekara-shekara na motata da ke kwance wurin makanike, ya kusa. Ina ci ina haɗiye hawaye don takaici. Wai wannan ne mutumin da za a kai inda za a riƙa yanka masa burodi ƙanana-ƙanana. Amma na lura da abu guda: tunda na shigo bai yi fito ba. Na tambaye shi, ya ce ya daina, tunda bai san ko abin da yake busawa ya taɓa wanzuwa ba.

Na ciro faifan na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shafa hular da babban yatsa. Ban iya gaya masa abin da na ji a kasuwa ba. Ina cikin tunanin ko in ce injin ya lalace a mota mu bar maganar, sai ga Yaya ya shigo da mabuɗinsa, riƙe da ƙarin kwalaye.

Muka gaisa sama-sama. Ya dubi garmaho, ya dubi faifai, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da yara.

"Fine. Kunna. Mu gama da wannan once and for all."

Ba yadda zan yi. Na kwance zanin Mama Talatu, na sa plug, na ɗora faifan, na sauke allura, ban taɓa komai ba kamar yadda aka ce min. Ya yi ƙarar soya, sai kiɗa ya ɓarke. Amma ba abin da na ji a Digbeth ba ne. Jitar na gudu, gangar na sukuwa, fiton ya haye sama siriri. Na ce a raina shi ke nan, direban nan ya kashe min injin mutane, yau na haɗa asara biyu.

Yaya ya yi tsaki ya miƙo hannu. "Wrong speed. Ba ki ma iya kunnawa ba. Yana kan forty-five, na ƙananan faya-fayai ke nan. Babban faifai thirty-three ake sa shi."

"Kada ka taɓa!"

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya daka tsawa haka ba. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ɗaya, kansa a karkace. Hannun Yaya ya tsaya a iska. Sai muryoyin suka shigo, sirara, masu zaƙi, suna amshi da sauri. Wallahi da a makance aka sa ni na ji, zan rantse zumuntar mata ce.

"Ga su nan," in ji Baba a hankali. "Ga su nan. Yakubu, kana ji? Uwata, kina ji?"

Ya sa baki ya kama fiton, daidai da faifan, ko gargada babu, har wurin da kiɗan ke tsayawa cak ya sake tashi, nan ma ya tsaya tare da shi. Hawaye na bin kumatunsa, fiton na karyewa yana sake kamawa. Ni kuwa na zauna a kan kwali na rufe fuska da zanin Mama Talatu.

Da faifan ya ƙare, Yaya ya durƙusa ya duba ɗan makunnin da ke gefen injin. Ya tura shi gefe guda ya mai da allura, maza suka fito suna jan murya. Ya mai da shi inda yake, mata suka dawo. Ya tambayi Baba wane irin inji ne a silimar. Baba ya ce wani ƙarami ne da mai gidan ya sayo don ƙananan faya-fayan rawa, makunninsa a karye yake tun kafin a ɗauke shi aiki, kowane faifai aka samu haka ake ɗora shi. Sai ya dube mu, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe ƙatti ne da gemu! Duk Kafanchan muna ta yabon 'yan mata. Akwai wani tela da ya rantse in ya tara kuɗi sai ya je Amurka ya auro mai siririyar muryar nan!"

Ni ban yi dariya ba. Na ja Yaya zuwa kicin na rufe ƙofa, duk abin da na shirya tun daga Withington na sauke masa. Na ce tsoho ya gaya maka gaskiya tsantsa, ya ce nasa ya fi zafi, ya ce mata ne, kai ka zaɓi ka yarda da ɗan littafin Bature ka ƙaryata ubanka. Na ce ka sa shi ya daina yarda da kansa har yana shakkar fuskar matarsa, wannan ya fi jefar da faifan muni sau dubu. Ya tsaya yana kallon tukunyar gwate, bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Kin gama? Ke kina Manchester, Hanatu. Ni nake zuwa nan bayan shift, ni ake kira in ya faɗi a bathroom. Na ga yadda baban abokina Ishaku ya ƙare, ya fita da rigar barci aka tsince shi can unguwar Sutton. Tsoro na ji. Da ya ce yana jin mata, I panicked."

"Tsoro bai hana tambaya ba, Yaya."

"Bai hana ba," ya ce. Iyakar abin da na samu ke nan. Kun san shi, kalmar haƙuri ba ta taɓa fita bakinsa ba tun muna yara. Maganar faɗuwa a banɗaki kuwa ta soke ni, don ban taɓa ji ba, kuma na gaya masa daga yau duk sati biyu zan riƙa zuwa in kwana, ya huta.

Muka fito muka tarar Baba ya buɗe kwali ya ciro hoton Mama yana neman ƙusarsa. Bai juyo ba ya ce, "Yakubu, ka gaya wa mutanen nan su ba wani ɗakin. In lokacina ya yi ni da kaina zan ce maka, kuma ka yarda da ni in na faɗa." Yaya ya duba agogon hannunsa. Ya ɗauki jakarsa ya ce yana da aikin dare, ya fita. Na kwana a doguwar kujera ban san inda maganar Litinin ta tsaya ba.

Komawa

Lahadi da safe na raka Baba coci, yana tafe yana fito a High Street har wata mata ta waiwayo ta yi murmushi. Yaya bai zo ba, wayarsa a kashe. Na bar garmaho a kan teburin Baba, na ce zan san abin da zan gaya wa mai shi. Da rana na kama motar komawa, wani direban daban, hanya a buɗe, amma ni a cike nake. Na ƙudura in Yaya ya kuskura ya zo da takarda ranar Litinin, zan ajiye aiki in dawo, sai dai a yi wadda za a yi.

Mun wuce Stafford wayata ta yi motsi. Hoto ne daga Yaya, ba rubutu ko kalma ɗaya. Garmahon ne a kan teburin Baba. An kawo baƙin salatif an manne makunnin nan a kan arba'in da biyar, an naɗa shi har sau uku yadda ko da gangan ba mai iya tura shi. A bayan injin ana hango bango, agogo ya koma kan ƙusarsa, kwalayen duk an ninke su an jingine a bakin ƙofa.

Na daɗe ina kallon hoton. Na rubuta masa magana mai tsawo na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na ce masa kawai injin na Mama Talatu ne, shi zai je Hulme ya yi mata bayanin salatif da bakinsa. Ya amsa da "To."

Na iso Withington da magariba, lafiya lau. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Mama Talatu da ta ce kada in taɓa komai, da marigayi mijinta da ya bar makunni inda ya bar shi. Da na kira ta na ba ta labari ta ce injin ya zauna wurin Baba har abin da hali ya yi. Yaya kuwa ban gode masa ba tukuna, ainihin faifan silimar garinmu yana can hannun wanda bai san darajarsa ba, kuma wannan ba zan manta ba. Ku da ke gida, in akwai wanda ya san dangin telan nan, ku gaya musu a hankali. Ina cire takalmi Baba ya kira, ya kara wayar jikin lasifika, matan suna ta amshi, shi yana bin su da fito.